Yadda Ake Gyara Da Fentin 'Yan Wasan Ƙwallon Tebur Ba Tare Da An Lalata Su Ba

Duk wanda ya ratsa yankin Kura da Bunkure da Garun Malam a tsakiyar rani ya san yadda gonaki suke zama kore shar alhali sauran ƙasa ta bushe. Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, shi ne ke bin kanal yana shayar da shinkafa da tumatir da alkama da albasa. Noman rani yana riƙe matasa a gida, yana kuma sa musu ɗan abin kashewa a aljihu. Idan yamma ta yi aka tashi daga gona, sai a tarar da su wajen mai shayi, ko shagon cajin waya, ko gidan kallon ƙwallo. A irin waɗannan wurare ne wani kan ajiye teburin sinuka, wani kuma teburin ƙwallo, wato wanda ake murza sanduna, 'yan wasa na roba su riƙa buga ƙwallo. A Maraɗi da Damagaram sunansa babi-fut, daga Faransanci.

Ga masu wasa nishaɗi ne, amma ga mai teburi jari ne. Ɗan wasa ɗaya tak ya karye ko ya fara juyi a kan sandarsa, ɓangare guda ya zama gurgu, babu mai yarda ya biya kuɗi ya tsaya a can. Wani kuma sha'awa ce ke ɗaukarsa, ya sayo fenti ya mayar da 'yan wasansa Kano Pillars, bayan mako biyu fentin ya ɓare, ƙwallo ta daina tsayawa a ƙafa. Wannan darasi ya yi bayanin yadda ake kula da 'yan wasan, da yadda ake yi musu ado, bisa ƙa'ida guda: ƙafar ɗan wasa da nauyinsa da riƙonsa a jikin sanda su ne wasan, ado yana biyo bayansu ne.

A fara sanin irin teburin

Wasan ya girmi duk masu buga shi a yau. Wani Bature ɗan Ingila, Harold Searles Thornton, ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1923. A Sifaniya kuma Alejandro Finisterre ya yi rajistar nasa samfurin a 1937. Tun 2002 akwai hukumar duniya mai kula da gasarsa, ITSF, wadda ke da mazauni a birnin Nantes na Faransa.

Cikakken teburi yana da sanduna 8, kowane ɓangare 4. Jerin da aka fi sani shi ne gola 1, 'yan baya 2, 'yan tsakiya 5, 'yan gaba 3, wato 11 a kowane ɓangare, 22 ke nan gaba ɗaya. Teburan Amurka irin na Tornado suna sa mutum 3 a sandar gola, sai su zama 13 a ɓangare.

Yadda aka ɗaure ɗan wasa a sanda ya kasu uku, kuma shi ke nuna irin gyaran da zai yiwu. Na farko, wanda aka ɗaure da noti ko sukuru da ya ratsa ƙirjinsa da sandar. Shi ya fi yawa a teburan da ake shigowa da su da waɗanda kafintoci da masu walda ke ƙerawa, shi ne kuma mafi sauƙin gyara. Na biyu, wanda aka buga wa ƙaramin fil na ƙarfe, kamar na Tornado, sai da guduma da siririn ƙarfe ake fitar da shi. Na uku, wanda aka zuba robarsa kai tsaye a jikin sanda tun daga masana'anta, kamar wasu teburan kamfanin Garlando na Italiya. Irin wannan ba a cire shi shi kaɗai, idan ya karye sai an canja sandar baki ɗaya.

Akwai kuma bambancin abin da aka yi su da shi. Kamfanin Bonzini na Faransa, wanda aka kafa a 1927, da alminiyam yake zuba nasa. Yawancin saura roba ce mai tauri, ita ma iri-iri ce. Ga gwaji mai sauƙi: a cire ɗan wasa ɗaya, a raba shi da notinsa, a tsoma shi cikin bokitin ruwa a girgiza har iskar da ke cikinsa ta fita. Idan ya taso sama, alama ce ta robar PP, wadda ta fi ruwa rashin nauyi. Ba ta saurin karyewa, amma gam da fenti ba sa kama ta da kyau. Idan ya nutse, yana iya zama ABS ko nailan. Robar ABS tana karɓar fenti sosai, sai dai fetur da tina da ruwan goge jan farce suna cinye ta. Wasu kamfanoni kan buga sunan robar a bayan ɗan wasan ko ƙarƙashinsa, don haka a haska fitilar waya a duba.

Abubuwa huɗu da ke kashe teburi a yankin noman rani

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kawo ƙura mai laushi kamar gari, ga kuma ƙaiƙayin shinkafa idan teburin yana kusa da injin casa. Ƙurar tana shiga ramin da sanda ke bi, ta riƙa cin bushin kamar samfefa. Da sanda ta yi nauyi, mai wasa zai ƙara ƙarfi, ƙarfin nan kuwa a jikin notin ɗan wasa yake ƙarewa.

Na biyu laima. Damina tana kai ƙarshen ƙarfinta a Agusta, kuma kusa da kanal ƙasa ba ta cika bushewa ba ko da rani. Teburan araha da katakon MDF ake yin su, wato garin katako da aka matse da gam. Da ya sha ruwa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa yadda yake. Fili ya kumbura, ƙafar 'yan wasa ta fara gogar ƙasa.

Na uku rana. A watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a Kano. Hasken rana kai tsaye yana kashe launi, yana kuma busar da roba har ta zama mai saurin fashewa.

Na huɗu ba kowa ke lura da shi ba: hannun manomi. Takin zamani, musamman yuriya da NPK, yana jawo laima yana cin ƙarfe. Matashin da ya watsa taki da rana, ya zo ya kama sanda bai wanke hannu ba, ya bar mata abin da zai zama tsatsa. Buta da sabulu a gefen teburi sun fi kowane maganin tsatsa araha.

Aikin waya kafin a taɓa sifana

Wayar hannu tana cikin kayan aikin wannan gyara, kuma da ita ake farawa.

A ɗauki hoton teburin daga sama, sannan hoton kowace sanda daban, yadda za a ga inda 'yan wasa suka fuskanta da jerin roba da washa da ke gefensu. Kuskuren da aka fi yi bayan an kwance teburi shi ne mayar da jeri guda yana kallon gidansa.

A gwada daidaiton filin. A iPhone akwai ma'aunin daidaito cikin manhajar Measure, a Android kuma akwai manhajoji kyauta masu wannan aiki a Play Store. A cire rigar wayar, a kwantar da ita a tsakiyar fili da kusurwoyi. Idan kyamarar wayar ta turo waje, za ta karkatar da awon, don haka a tabbatar da ƙwallo: a ajiye ta a tsakiya, idan kullum gefe ɗaya take gangarawa, ƙafar teburin ce ke buƙatar ciko. Sau da yawa abin da ake ɗora wa 'yan wasa laifi, na ƙasan rumfa ne.

A ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya yayin da wani ke murza sanda a hankali. Idan bakin sandar yana zana da'ira maimakon ya tsaya wuri ɗaya, ta lanƙwashe. A ƙarshe a kashe fitilar ɗaki, a haska ta waya daga gefe a jikin kowane ɗan wasa. Tsagar da ido bai gani ba da rana, inuwarta za ta fito, musamman kewayen ramin noti da wuyan ƙafa.

Kwancewa da wankewa

Kayan aikin ba su da yawa: sukurudireba, ƙaramar sifana, filaya, tsohon buroshin haƙori, sabulun wanke kwanuka, tsumma mai laushi, da salatif na takarda.

A yi aikin sanda ɗaya bayan ɗaya. A kwance notin dukkan 'yan wasan da ke kanta, a cire murfin da ke bakinta, a ja ta a hankali ta ɓangaren mariƙi, ana zare 'yan wasa da roba da washa ɗaya bayan ɗaya. A liƙa wa kowanne lamba a tafin ƙafa, a zuba notinsa a murfin kwalba daban. Idan ɗan wasa ya ƙi zamewa, kada a doke shi da guduma. A goge tsatsar da ke gabansa, a shafa ruwan sabulu, a riƙa murza shi hagu da dama.

A jiƙa su cikin ruwa mai ɗumi da sabulu kamar minti 15, a goge da buroshi, musamman zanen da ke jikin ƙafa, domin shi ke riƙe ƙwallo. Kada a yi amfani da tafasasshen ruwa, yana iya lanƙwasa roba. Kada kuma a wanke su da fetur ko kananzir ko tina, ko da kuwa dattin ya yi kauri. A shanya su a inuwa.

Ita sanda, a goge ta da tsumma da sifirit. Idan tsatsar sama-sama ce, a dunƙule takardar alminiyam ta naɗe abinci, a jiƙa ta da ruwa a goga. Tana cire tsatsa ba tare da ta kankare ƙyallin ƙarfen ba, saɓanin soson ƙarfe na wanke tukunya. Sannan a mirgina sandar a kan tayil ko gilashi. Idan tana tsalle, a kai wa mai walda ya miƙar da ita a hankali, ba da wuta ba. Sanda mai rami a ciki da ta riga ta karye kwana ba ta gyaruwa.

Maganar mai

Nan ne mafi yawan masu teburi suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Baƙin mai da giris da man gyaɗa duk suna sa sanda santsi a ranar farko. Bayan kwana uku sun kama ƙura sun zama baƙin kwaɓi, suna ɗiga a fili, ƙwallo ta kwashe su ta shafa wa ƙafar kowane ɗan wasa. Man gyaɗa ma har danƙo yake yi idan ya daɗe.

Abin da masu ƙera tebura suke ba da shawara shi ne man silikon. Ɗigo biyu ko uku a kowace sanda, dab da inda take shiga bango, sun isa. A tura ta gaba da baya sau da yawa, a share ragowar. Idan na fesawa aka samu a wajen masu kayan mota, a fesa a tsumma nesa da teburin, sannan a goga wa sanda. Wanda bai samu ba, gara ya bar sandar a bushe yana share ta kullum. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A riƙe wannan da kyau: fenti ba ya kama inda silikon ya taɓa. Mai niyyar fenti ya gama shi tukuna, ya mayar da 'yan wasa, sannan ya sa mai.

Gyaran ɗan wasa mai juyi ko tsaga

Idan ɗan wasa yana girgiza a kan sanda, a fara duba noti. Wanda haƙoransa suka cinye a tafi da shi kasuwa a sayo irinsa daidai. A Kano, Ƙofar Ruwa da Sabon Gari ba a rasa noti kowane iri. Mafi kyau shi ne mai zoben roba a ciki, domin girgiza ba ta kwance shi. A ɗaure har ɗan wasan ya daina motsi, a tsaya a nan. Ɗaurin da ya wuce kima shi ke fasa ƙirjin roba. Ruwan nan da makanikai ke ɗigawa a noti don kada ya kwance yana tsattsaga robar ABS, saboda haka a nisanta shi da ita.

Tsaga a kai ko kafaɗa tana gyaruwa. A huda ɗan ƙaramin rami a daidai inda ta tsaya don kada ta ci gaba, a kankare gefenta da samfefa, a cike da gam mai haɗi biyu irin Araldite, a bar shi kwana guda. Super Glue yana saurin kamawa, amma yana bushewa kamar gilashi, bugu kaɗan ke fasa shi.

Karaya a ƙafa ko a ramin sanda kuwa ba ta da magani sai canji, domin nan ne duk ƙarfin bugu yake sauka. Wanda aka liƙa zai sake karyewa a tsakiyar wasa, ɓallinsa yana iya tashi ya sami idon wani.

Akwai dabarar da ke tsawaita rayuwar jeri duka. Ɗan gaba na tsakiya ya fi kowa shan bugu, na gefen jerin biyar kuwa aikinsu kaɗan ne. Duk bayan wata biyu ko uku a sauya musu wuri, kamar yadda direba ke sauya tayoyin mota.

Robar da ke tsakanin ɗan wasan gefe da bango ita ke shanye karo. Idan ta mutu, ɗan wasan ne zai riƙa dukan katako. Ana iya yanka madadinta daga tsohon silifas, a huda tsakiya, a sa washa tsakaninta da ɗan wasan, a kuma tabbatar kaurinta ɗaya a gefe biyu. Haka nan kowane bakin sanda da ke fitowa waje ya kasance da murfin roba, irin na ƙafar kujera ma ya wadatar. Tsayin sandunan daidai yake da fuskar ƙaramin yaro mai leƙe.

Idan za a sayi sababbi

Ana samun 'yan wasa a shagunan kayan wasanni da kasuwannin intanet irin Jumia da AliExpress, amma ramin jikinsu ba ɗaya ba ne. Manyan tebura sandarsu milimita 16 ce, ƙanana kuma akwai mai milimita 12.7. Wanda ba shi da ma'aunin kauri ya naɗa zare sau ɗaya a jikin sanda, ya auna tsawonsa da rula, ya raba da 3.14. Zaren da ya kai kusan milimita 50 na sandar 16 ne, wanda ya tsaya a 40 na 12.7 ne. A kuma auna daga tsakiyar rami zuwa tafin ƙafa. Idan sabon ya fi tsohon tsawo zai goge fili, idan ya gaza ƙwallo za ta riƙa kuɓuce masa.

Akwai hanyoyin gida. Kafinta na iya sassaƙa su da itace mai tauri kamar ƙirya ko maɗaci. Masu zubin tukunyar alminiyam na iya amfani da tsohon ɗan wasa su fitar da irinsa a cikin yashi, daga baya a huda ramin da injin huji. Sai dai alminiyam ya ninka robar ABS nauyi fiye da sau biyu da rabi, don haka ba a haɗa su a sanda ɗaya, kuma abin da aka yi wa ɓangare ɗaya a yi wa ɗayan. Wanda ke da hanyar samun injin ɗab'i na 3D zai tarar da zanen 'yan wasa kyauta a shafukan Thingiverse da Printables. Ya guji robar PLA, wadda ke fara laushi a wajen digiri 60, ya zaɓi PETG ko ABS. A buga ɗan wasan a kwance, cikinsa a cike, domin abin da aka buga da irin wannan inji tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa yake karyewa.

Zaɓen launi

Kafin a sayi fenti a zauna da waya. Manhajoji irin PixelLab da Canva sun isa a zana riga a gwada launuka. Abin lura shi ne filin yawanci kore ne, wasan kuma da dare ake yinsa ƙarƙashin ƙwan sola. Ruwan ɗorawa na Kano Pillars yana fitowa fes a kan kore. Koren Super Eagles kuwa ɓacewa yake yi, gara a ba su farar riga da ratsin kore. Mai son abin gida yana iya ba ɓangare ɗaya shuɗi mai duhu irin na rawanin ɗan Kura, wanda marinan garin suka yi suna da shi har cikin Buzaye, ɗaya ɓangaren kuma fari. Ja da kore ba haɗi ne mai kyau ba, domin akwai mazan da idonsu ba ya bambance su.

Gwajin ƙarshe: a ɗauki hoton launukan biyu a kan filin, a mayar da shi baƙi da fari. Idan ɓangarorin sun yi kama da juna a hoton, haka za su rikita masu wasa da dare.

Matakan fenti

Mataki na 1: a goge jikin da samfefa mai laushi, lamba 400 zuwa 600, har ƙyallin ya dushe. A jiƙa samfefar, don kada a shaƙi garin tsohon fenti, domin wasu fentin mai suna ɗauke da dalma. A wanke, a shanya.

Mataki na 2: a naɗe ƙafar duka da salatif, a toshe ramin sanda da na noti da takarda. Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci. Fenti a ƙafa yana cike zanen da ke riƙe ƙwallo, yana ɓarewa ya ɓata fili. Fenti a cikin rami kuma yana hana ɗan wasa shiga sanda, a tilasta shi ya fashe.

Mataki na 3: a shafa fentin share fage wanda aka yi domin roba. Ga robar PP wannan dole ne, in ba haka ba fentin zai saɓule kamar ɓawon albasa. A fara gwada kowane fenti a bayan ɗan wasa ɗaya, a jira awa guda. Idan robar ta yi laushi ko ta yamutse, fentin bai dace da ita ba.

Mataki na 4: a shafa launi. Fentin akirilik na masu zane, wanda ake sirkawa da ruwa, shi ya fi aminci ga roba. Shafi siriri sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya, a bar kowanne ya bushe kafin na gaba. Idan na gwangwani ne, a fesa daga nisan santimita 20 zuwa 30, a fili, nesa da wuta da janareta.

Mataki na 5: lamba da suna. A tsara su a waya, a buga a takardar sitika a shagon kwamfuta, a yanka ƙanana a liƙa a baya. Mai son lamba 7 ta Ahmed Musa ga dama ta samu.

Mataki na 6: a rufe da banish marar launi shafi biyu, a bar su aƙalla kwana biyu kafin a mayar. Fentin da ya bushe a taɓawa bai gama ƙarfi ba.

A lokacin hunturu a yayyafa ruwa a ƙasa kafin a fara, a soke 'yan wasan a tsinke, a shanya su cikin kwali a rufe. Da damina kuma a guji ranar da hadari ya haɗu, domin laima tana sa banish ya yi fari-fari.

Kada a ɗora wa ɗan wasa hula ko rawani na gam. Teburan gasa irin Tornado an daidaita nauyin kan ɗan wasa da na ƙafarsa, yadda idan aka kwantar da shi zai tsaya a haka ƙwallo ta wuce. Ƙarin nauyi a kai yana rushe wannan, kuma ko a teburin gida yana sa sanda ɗaya ta fi 'yar'uwarta nauyi.

Ɗan'uwansa na ƙasashen sanyi

Masu kallon bidiyo a YouTube da TikTok sukan ci karo da wani teburi mai kama da wannan, an kife shi da murfi mai haske kamar ƙubba. Wannan hokin ƙanƙara ne na tebur. Kamfanin ICE da ke kusa da Buffalo a jihar New York ya fitar da shi a 1982 da sunan Chexx. Samfurin farko Amurka ce da Tarayyar Sobiyat, domin tunawa da wasan Olamfik na 1980 a Lake Placid, inda Amurka ta yi nasara da ci 4 da 3.

A nan kowane ɗan wasa yana da sandarsa shi kaɗai, 5 da gola a ɓangare. Sandunan a ƙarƙashin fili suke. Idan aka tura, ɗan wasa ya bi tsagar da aka yanka masa, idan aka murza, ƙaramar giya ta juya shi. Duk ƙa'idojin da suka gabata suna aiki a kansa, da ƙari huɗu. A zare shi daga wuta kafin a buɗe, kuma wanda aka yi domin kasuwar Amurka da wuta 120 yake aiki, ta Najeriya kuwa 230 ce, sai da na'urar rage wuta. 'Yan wasansa ba tsawon sanda ɗaya suke da shi ba, don haka lamba da hoto wajibi ne. Wurin da ba a yi wa fenti a nan shi ne bakin sandar bugu da ramin da ke zama a kan giya. Murfin kuma da ruwan sabulu da tsumma mai laushi kaɗai ake goge shi, ruwan goge gilashi da sifirit suna dusashe shi.

Jadawalin kula

Kullum bayan an tashi: a share sanduna da fili da busasshen tsumma, a rufe teburin da tamfol ko tsohon zani.

Kowane mako: a taɓa 'yan wasa 22 ɗaya bayan ɗaya a ji mai girgiza, a wanke ƙwallaye da sabulu, a sa silikon idan sanda ta yi nauyi.

Kafin damina: a ɗora ƙafafun teburin a kan bulo ko tayil, a duba rufin rumfa, a shafe gefunan katako da banish.

Bayan hunturu: a kwance duka a wanke, a sauya wa 'yan wasa wuri.

Sai doka ɗaya da ya kamata a rubuta a liƙa a jikin teburin: ban da wulwula sanda. A dokar ITSF, juya ɗan wasa fiye da zagaye ɗaya, wato digiri 360, kafin ko bayan ya taɓa ƙwallo laifi ne. Ga mai teburi dalilin ya wuce na gasa, domin wulwulawa ce ke kwance noti tana karya ƙafa.

Idan an gama haɗa komai, a yi gwaji kafin a kira masu wasa. A danne ƙwallo da ƙafar ɗan gaba na tsakiya, a ja ta hagu da dama. Idan ta bi ƙafar ba ta zille ba, aiki ya yi. Idan ta zille, a duba ƙafar da fitilar waya, za a tarar da fenti ko mai a wurin. A goge da samfefa a hankali, a wanke da sabulu, a sake gwadawa.